LAKURAWA: ASALINSU, ABIN DA SUKE NEMA, DA YADDA SUKE SHIGA ƘASA

Kafin watan Nuwamba na shekarar 2024, kaɗan ne daga cikin mutanen Jega da Aliero da Maiyama suka taɓa jin kalmar Lakurawa. Cikin makon farko na wannan wata ne Hedikwatar Tsaro ta Ƙasa, ta bakin kakakinta na lokacin, Manjo Janar Edward Buba, ta ba da sanarwar cewa wata ƙungiyar ’yan ta’adda ta ɓulla a jihohin Sakkwato da Kebbi. Ba a yi kwana biyu ba, ranar Juma’a 8 ga watan, sai ga labarin Mera ta ƙaramar hukumar Augie, inda aka kashe mutum 15. Jaridu suka yi ta kiran ƙungiyar sabuwa. Amma ga mutanen Gudu da Tangaza, waɗanda suka yi shekara shida ko bakwai suna zaune da su, ba wani sabon abu a ciki sai dai sanarwar.

Manufar wannan babi ita ce a bayyana wa mai karatu, musamman malaman makaranta da iyayenmu dattawa waɗanda yara ke yi wa tambaya, ko su wane ne waɗannan mutane, me suke nema, kuma ta wace hanya suke bi su mallake gari.

Suna da asali

Mafi yawan masu bincike sun tafi a kan cewa sunan ya samo asali ne daga wata kalmar Faransanci mai ma’anar sababbin ɗauka a aikin soja. Mu ma a nan muna da ’yar’uwarta, watau kurtu, jam’i kurata, wadda muka ara daga Ingilishi. Su mutanen ƙasar Faransa ta da, watau Nijar da Mali, sai suka ari tasu daga Faransanci, Bahaushe ya ɗora mata “-awa” kamar yadda ya ce Kabawa da Gobirawa da Zabarmawa. Saboda haka sunan kansa ya nuna ta inda suka fito. Mutanen karkarar da suka zauna da su sun ce sukan ji su suna magana da Fillanci da Larabci da Zabarmanci da Buzanci, sa’an nan da Hausa in za su yi wa’azi.

Ba za a fahimci zuwansu ba sai an koma abin da ya faru a arewacinmu. A shekarar 2011 aka kifar da gwamnatin Gaddafi a Libiya, rumbunan makamanta suka watse cikin hamada. A 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun ’yan tawayen Buzaye da ƙungiyoyi masu kiran jihadi, har Tumbutu da Gawo suka fita daga ikon Bamako. Sojan Faransa suka zo a 2013 suka kore su daga birane, amma ba su ƙare su ba, sai dai suka bazu cikin daji. Daga cikinsu ne manyan rassa biyu suka fito. Na farko shi ne wanda Adnan Abu Walid al-Sahrawi ya yi wa ƙungiyar Da’ish mubaya’a da shi a 2015, wanda ya yi ƙarfi a inda iyakokin Mali da Nijar da Barkina Faso suka haɗu. Na biyu shi ne haɗakar da aka kafa a watan Maris 2017 ƙarƙashin Iyad Ag Gali, mai biyayya ga Alƙa’ida, wadda aka fi sani da JNIM. Rassan biyu ba sa ga maciji da juna, sun sha gwabzawa a kan ƙasa da haraji. Masana sun saɓa a kan wanne ne uban gidan Lakurawa. Wasu sun danganta ayarin farko da mutanen Masina na ɓangaren Alƙa’ida, wasu kuma, musamman a rubuce-rubucen baya-bayan nan, sun fi ƙarfafa cewa reshen Da’ish na Sahel ne ya miƙo ƙafa ta jihohin Tawa da Doso. Akwai kuma masu ganin cewa sunan ya zama laƙabi da talakawa ke ba duk wani baƙo mai rawani da bindiga da ya tsallako iyaka, ko wane ne ubangidansa. Ga talakan da aka kore wa shanu dai, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Yadda aka buɗe musu ƙofa

Abin da ya fi kamata a tsaya a kansa shi ne, Lakurawa ba su shigo da yaƙi ba. Kiran su aka yi. Binciken da Dakta Murtala Ahmad Rufa’i na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo ya yi, shi da wasu abokan aikinsa, ya nuna cewa wajen shekarun 2017 zuwa 2018 ɓarayin daji daga Zamfara sun matsa wa ƙauyukan Tangaza da Gudu da satar shanu da garkuwa da mutane. Jama’a suka kai kuka inda ya kamata, ba a share musu hawaye ba. Sai wasu shugabannin al’umma na yankin suka nemi taimakon waɗansu makiyaya masu makamai daga tsallaken iyaka, aka tara musu kuɗi da shanu, har da samari da za su nuna musu hanya. Kuma a gaskiya sun yi aikin da aka kira su dominsa. Sun fatattaki ɓarayi daga dazuzzuka da yawa, sun ƙwato dabbobi sun mayar wa masu su. Wannan ne ya sa har yau akan sami dattijo a can ya ce, da fari dai mun ga alheri.

Ba a ba kura ajiyar nama. Da ɓarayi suka ja da baya, baƙin ba su koma inda suka fito ba. Suka kafa sansani a dajin kan iyaka, suka fara tara mutane suna wa’azi, suka fara karɓar dabbobi da sunan zakka, suka fara yanke hukunci. Waɗanda suka kira su suka nemi su taka musu birki, abin ya gagara, har rahotanni suka nuna cewa hakimin Balle, hedikwatar ƙaramar hukumar Gudu, yana cikin waɗanda suka kashe. A ƙarshen 2018 da labarin baƙi masu bindigogi ya kai Sakkwato, bayanin farko da aka yi wa jama’a shi ne makiyaya ne masu zuwa neman ruwa da ciyawa kowace shekara. Daga baya soja suka shiga suka tarwatsa sansanin. Suka ɓace na ɗan lokaci, suka dawo wajen 2021. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, wanda Janar Abdurrahman Tiani ya hamɓarar da Shugaba Muhammad Bazum, dangantaka ta yi tsami tsakanin Abuja da Yamai, sintirin haɗin gwiwa na kan iyaka ya yi rauni. Hedikwatar Tsaro da kanta ta ambaci wannan a matsayin dalilin da ya ba su damar yaɗuwa. Daga nan suka gangaro kudu, Silame da Binji, sa’an nan Augie da Arewa da Dandi a cikin Jihar Kebbi.

A nan zan ɗan ratse, domin wanda ya yi aikin mulki a karkara ya san abin da ake nufi da ƙasa babu mai ita. A zamanin En’e, baƙo ba ya kwana a ƙauye mai unguwa bai sani ba, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, kafin kwana uku magana ta kai Birnin Kabi ko Argungu. Hakimi yana da dogarai da ’yan doka, akwai alƙali kusa, akwai malamin daji mai zagaya gandun daji, akwai malamin jangali wanda ya san kowace ruga da yawan shanunta. Ba cewa nake yi tsarin ba shi da zalunci ba. Kowa ya san yadda Fulani suka ji jiki da jangali. Amma akwai ido. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe ’yan doka da kotuna daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya raba su da sauran ikon gudanarwa. Abin da aka ce zai maye gurbinsu bai kai ƙauyen kan iyaka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Me suke nema?

Wajibi ne a rarrabe tsakanin Lakurawa da ɓarayin daji, domin mutane da yawa suna cuɗa su. Waɗanda suka sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni 2021 kuɗin fansa suke nema. Ɓarawon daji ba ruwansa da ko ka yi salla ko ba ka yi ba, ya karɓi rabonsa ya koma daji. Shi Balakure mulki yake so. Yana so ya zama shi ne hakimi, shi ne alƙali, shi ne mai karɓar haraji, shi ne limami. An ruwaito cewa sansaninsu na farko ma Darul Islam suka raɗa masa, kuma duk wanda ya yi karatun zaure ya san abin da sunan ke nufi: nan ne gidan Musulunci, abin da ke wajensa kuwa wani abu ne daban. Da wannan suna kaɗai sun fitar da Sakkwato da Gwandu da Argungu, da malamansu da masallatansu, daga cikin da’irar.

A wa’azinsu, kamar yadda waɗanda suka saurara suka faɗa, sukan nuna cewa gwamnatin dimokuraɗiyya ba ta halatta ba, dokokinta ba na Allah ba ne, soja da ɗan sanda da ɗan banga maƙiya ne, karatun boko ɓata ne, sarakunan gargajiya kuma ’yan koren gwamnati ne. Wannan ba sabon karatu ba ne ga wanda ya bi labarin Muhammad Yusuf na Maiduguri kafin 2009. Abin lura a nan shi ne, Jihar Kebbi ta ƙaddamar da shari’ar Musulunci tun shekarar 2000, haka ma Sakkwato, akwai kotunan shari’a da alƙalai masu ijaza. Wanda ya shigo irin wannan ƙasa da bindiga ya ce ya kawo shari’a, to ba shari’ar ce ta dame shi ba, wanda zai riƙe sandar ne.

Bayan aƙida akwai lissafin ƙasa. Ƙungiyoyin Sahel suna bukatar wurin fakewa in an matsa musu a Nijar, suna bukatar fetur da babura da abinci da magani, waɗanda duk sun fi sauƙin samu a kasuwannin Nijeriya, suna kuma bukatar kasuwar da za su sayar da dabbobi. Dazuzzukan da suka miƙe daga Tangaza da Gudu, suka bi ta Arewa da Dandi har bakin Kwara, suka haɗe da dajin arewacin Jamhuriyar Benin, hanya ce da ’yan fasa-ƙwauri suka daɗe da sani. Wanda ya riƙe ta ya sami abin da zai ciyar da runduna.

Dabarunsu

Matakin farko kullum shi ne kyautatawa. Sukan iso gari a kan babura, mutum biyu ko uku a kan kowane, su wuce masallaci, su yi salla tare da jama’a, su ce ba su zo cutar da kowa ba, sun zo ne su raba mutane da ɓarayi. Sukan sayi kaya a kasuwa su biya da daraja. Sukan raba rigimar manomi da makiyayi nan take, su sa a biya ɓarna a ranar, abin da a kotu zai ci wata shida da kuɗin mota. Kada a raina wannan. Talakan da ya gaji da zirga-zirga yakan ga saurin hukunci kamar adalci ne, ko da ba shi ba ne.

Daga nan sai aure da ɗaukar samari. Sukan nemi ’ya’yan mutanen gari, wani lokaci da yarda, wani lokaci uba ba shi da bakin cewa a’a. Da zarar an haɗa zuri’a, tona asirinsu ya zama tona asirin suruki. Samari kuma akan jawo su da jari, ko injin ban-ruwa, ko babur, ko kuɗi a hannu. Jaridu a 2024 sun ruwaito har naira miliyan ɗaya ake yi wa saurayi tayi. Yaron da ya gama sakandare shekara biyar ba aiki, ko wanda ɓarayi suka kashe wa uba suka kore garken gidansu, ba sai an yi masa dogon wa’azi ba. Wasu ɓarayin dajin ma an ce musu su tuba su shigo, suka shigo da bindigoginsu da halinsu.

Sai dokoki. A hana kiɗa da rawa a biki, a hana taba, a bincika wayar samari, in an sami waƙa a fasa katin a yi wa mai ita bulala, a sa ido a kan aski da tufafin mata da fitarsu kasuwa. Limamin da ya ƙi bin tsarinsu a sauke shi ko ya bar gari. Dagaci ya zama ba ya yanke komai sai ya tambaya. ’Yan banga kuwa, waɗanda su ne kaɗai masu ɗan makami a ƙauye, su ake fara karya wa ƙarfi.

Amma babbar dabara, wadda ita ce cibiyar tattalin arzikinsu, ita ce abin da suke kira zakka. Ya kamata malamai su yi wa ɗalibai bayanin wannan dalla-dalla, domin da sunan ake rufe bakin mutane. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda kowane almajiri ya karanta a Risala, shanu ba su da zakka sai sun kai 30, a fitar da ɗan maraƙi guda. In sun kai 40 a fitar da saniya guda. Tumaki da awaki sai sun kai 40, a fitar da guda. Kuma sai shekara ta kewayo. Hatsi sai ya kai nisabi, a fitar da kashi ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar da shi, rabin haka in da wahalar ban-ruwa aka noma shi. Kayan lambu irin albasar da Aliero ta yi suna da ita ma ba a fitar da zakka daga jikinsu a wannan mazhaba, sai dai daga kuɗin in ya kai nisabi ya shekara. Mai karɓa ba ya zaɓar mafi kyawun dabba. Waɗanda za a ba kuma Alƙur’ani ya ƙidaya su, kashi takwas, a cikin Suratut Tauba, matalauta da miskinai ne a kan gaba. To a auna wannan da abin da ake yi: a zo wa mai shanu goma a kore biyu ko uku, a zaɓi bijimin noma, a dawo bayan wata uku a sake, wanda ya yi gardama a kore garken duka, dabbobin kuma a tsallaka da su iyaka a sayar a sayi harsashi. Littattafan fiƙihu suna da suna ga mai tare mutane da makami ya karɓe dukiyarsu. Sunan hiraba ne, watau fashi, kuma babinsa daban yake da babin zakka.

Mataki na ƙarshe shi ne ramuwar gayya, kuma a nan ne fuskar ta bayyana. Abin da ya faru a Mera ke nan. Sun kore shanun garin ana shirin sallar Juma’a, mazajen gari suka bi sawu da abin da ya sawwaƙa na makami, aka yi arangama a daji, mutum 15 na garin suka rasu. A watan Janairu 2025 aka kashe ma’aikatan da ke aikin kafa turken sadarwa a Gumki ta ƙaramar hukumar Arewa. Turken waya abokin gabarsu ne, domin da shi ake kiran soja. A watan Maris na shekarar, bayan jami’an tsaro sun kashe wani jagoransu da ake kira Maigemu, sai suka afka wa Birnin Dede da ƙauyukan kewaye, suka kashe fiye da mutum goma, suka sa wa gidaje da rumbuna wuta, ana cikin azumi. Saƙon a fili yake: garin da ya ba da labarinsu zai biya. Ƙona rumbu ya fi kisa daɗewa a jiki, domin wanda ba shi da abinci ko dai ya yi hijira ko ya miƙa wuya.

Abin da tarihin ƙasar nan ya ce

Masu wannan aƙida sukan jingina kansu ga jihadin ƙarni na 19. Reshen JNIM na tsakiyar Mali ya ɗauki sunan Masina, daular da Shehu Amadu ya kafa wajen 1818, ƙungiyar Ansaru kuma da ta ɓalle daga Boko Haram a 2012 ta ce martabar daular Shehu Usmanu take son dawowa da ita. Mutanen Jega sun fi kowa cancantar su auna wannan da’awa, domin a ƙasarsu wutar ta fara kamawa. Malam Abdussalami, almajirin Shehu, wanda shi kansa Ba’are ne, ya bar Gobir ya zauna a Gimbana tare da jama’arsa. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta afka wa Gimbana, ta kama malamai da mata da yara, ta biyo da su ta kusa da Ɗagel, jama’ar Shehu suka kwance su. Wannan ne ya kai ga hijira a watan Fabrairu 1804. Ina aka yi hijirar? Gudu. Ƙasar da aka yi wa Shehu mubaya’a, kusa da Tafkin Kwatto inda aka yi babbar gwabzawa ta farko a watan Yuni na shekarar, ita ce bayan shekara 200 da ’yan kai baƙi suka zo suna koya wa mutanenta salla da bulala.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Shehu ya yi kusan shekara 30 yana karantarwa da yawon wa’azi a Gobir da Zamfara da Kabi kafin a zare takobi, kuma sai da aka kawo wa jama’arsa hari. Ya yi rubuce-rubuce yana sukar ɗaliban da ke kafirta talakawa don sun kasa amsa tambayoyin tauhidi. A cikin Kitabul Farƙi ya lissafa ƙwace dukiyar talakawa da ɗora musu harajin da shari’a ba ta sani ba cikin alamomin mulkin zalunci. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu kuwa, da ya ga wasu mayaƙa sun karkata ga ganima da sarauta, barin rundunar ya yi ya nufi gabas da niyyar Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya’ul Hukkami a kan yadda ake mulki da shari’a. Shi Abdussalami daga baya ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi yaƙi a Kware, ya rasu a farkon 1818. Amma kafin a kai ga haka wasiƙu aka yi ta musaya ana kafa hujja, Bello ya tattara labarin cikin Sardul Kalami. Ɗansa Buhari ne ya sasanta da Gwandu ya kafa Jega wajen 1820. (Malamai su kula, ba shi ne Buhari ɗan Shehu na Tambuwal ba, ɗalibai suna yawan haɗa su.)

In ana neman abin da ya fi kama da Lakurawa a tarihi, Satiru ta fi kusa, ko da yake ita ma ba daidai ba ce. A 1906 wani malami da ake kira Ɗan Makaho ya gudo daga ƙasar Zabarma bayan tawaye ga Faransawa, ya sauka Satiru kudu da Sakkwato, inda masu jiran Mahadi suka taru. A watan Fabrairu suka karya rundunar Turawa suka kashe Razdan mai riƙo. A watan Maris aka dawo aka shafe garin, mutane kusan 2,000 suka hallaka, Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru ya rasa sarautarsa bisa zargin ya san da maganar. Su mutanen Satiru da fartanya da gatari suka fuskanci mai mulkin mallaka, ba shanun maƙwabta suka kora ba. Kamannin kawai shi ne baƙo ya tsallako daga yamma, ya sami mutane masu ƙunci, ya ba ƙuncin suna na addini, talakawan wurin kuma su suka kwashi kashinsu a hannu. Haka aka gani a Kano a watan Disamba 1980, inda hukumar binciken Mai Shari’a Aniagolu ta ƙidaya mutum 4,177 da rikicin Maitatsine ya ci.

Martanin hukuma

Bayan Mera an tura ƙarin soja, an kori Lakurawa daga sansanoni da dama, Gwamna Nasir Idris ya ba jami’an tsaro motoci da babura. A watan Janairu 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ƙarƙashin Mai Shari’a James Omotosho, ta ayyana ƙungiyar a matsayin ta ta’addanci ta kuma haramta ta. Ma’anar wannan ga talaka ita ce, sayar musu da fetur ko abinci da sani, ko ɓoye su, ko kai musu labari, laifi ne da dokar yaƙi da ta’addanci ke hukuntawa. Doka ce mai kyau a takarda, amma tana da nauyi a kan mai shagon ƙauyen da bindiga ke kansa, soja kuma na nesa da shi.

Yaƙi daga sama ya zo da nasa ciwon. Ranar 25 ga Disamba 2024 harin jirgin soja da aka ce Lakurawa aka nufa ya faɗa wa ƙauyukan Gidan Sama da Rumtuwa a ƙaramar hukumar Silame, mutum 10 farar hula suka rasu. A wannan rana ce kuma Janar Tiani, cikin wata hira da Hausa, ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa wajen ɗaure wa Lakurawa gindi, Abuja ta musanta. Maƙwabta biyu da ya kamata su tare daji ɗaya daga gefe biyu suka koma nuna wa juna yatsa. Shekara guda cif bayan haka, daren 25 ga Disamba 2025, Amurka ta harbo makamai masu linzami, gwamnatin Nijeriya ta ce da yardarta aka yi, kuma sansanonin dajin Bauni na Tangaza aka nufa. Ɓaraguzan wasu suka faɗo a Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal, garin da duk mai bin hanyar Jega zuwa Sakkwato ya sani.

Jega, Aliero da Maiyama

Waɗannan ƙananan hukumomi uku ba su kan iyaka, shi ya sa aka daɗe ana ganin abin na mutanen Arewa da Augie ne. Amma wanda ya dubi taswira zai ga Jega mararraba ce: hanya ɗaya ta nufi Birnin Kabi da Argungu da Kamba, ɗaya ta bi ta Tambuwal zuwa Sakkwato, ɗaya ta gangara ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri da Kwantagora. Saniyar da aka kora daga Kangiwa tana bukatar kara da dillali da mota. Baburan da suke hawa da man da suke sha daga irin waɗannan kasuwanni suke fitowa, ta hannun mutanen da ba su taɓa riƙe bindiga ba. Kuɗin albasa da ke shiga Aliero bayan girbi, da samarin da ke barin ƙauye su tafi ci-rani, duk abubuwa ne da mai neman haraji da mayaƙa ke sa wa ido. Saboda haka sarkin shanu da sarkin dillalai da shugaban ’yan tasha suna iya sanin abin da jirgin sama ba ya gani: wane ne ya kawo shanu 20 ba shaidar dagaci, ya sayar a rabin kuɗi yana sauri, wane ne ke sayen jarka 30 na fetur alhali ba shi da injin ban-ruwa ko ɗaya.

Maiyama ta fi sauran biyun zama cikin haɗari, saboda duwatsu da dazuzzukan da ke tsakaninta da maƙwabtanta, inda babur ke shiga mota ba ta shiga. A watan Fabrairu 2026, cikin azumi, aka kai hari a masallacin ƙauyen Dadin Kowa na wannan ƙaramar hukuma da dare, aka kashe masallata. ’Yan sanda sun ɗora alhakin a kan Lakurawa, suka ce ramuwa ce ta asarar da soja suka yi musu a yankin kwanaki kaɗan kafin nan.